Ranar da Sadisu Ya Ɗaga wa Surukinsa Murya

"Ban san shi ba! Haka kika ce, Zuwaira. Da kunnena na ji."

Zuwaira ba ta ɗago kai ba. Suna tsaye ne a bakin layin dogo na Agege bayan la'asar, inda masu tumatir da attarugu ke baza kaya har kan ƙarfen jirgi. Sadisu ya jingine okadarsa gefe. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya Sadisu, ka tsaya ka ji..."

"In ji me? Ƙawarki Fauziyya ta ce miki, 'Wancan mai gudun ba naki ba ne?' Kika ce ba ki san ni ba. Ta gindin tagar na wuce, Zuwaira. Ta gindin tagar!"

"Bakina ne ya suɓuce. Wallahi ban san lokacin da..."

"Dariyar mutum ɗari ba ta yi mini zafin wannan kalma taki ba."

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige.

Ga abin da ya faru. A shekarar an dakatar da harkar fim a Kano na ɗan lokaci. Sai wani darakta mai suna Bature ya kwaso kamararsa ya taho Ikko, ya ce zai shirya fim da Hausawan Agege. Aka sa ranar gwaji, Asabar, a zauren wata makarantar firamare. Sadisu ɗan Gumel ne, shekararsa huɗu yana okada a unguwar. A tasharsu shi ne mai ba da dariya. Yana kwaikwayon kwandastan motar haya ta danfo, yana kwaikwayon ɗan sanda mai neman na goro, har abokansa su riƙe ciki. Kowa ya ce masa wannan fim nasa ne.

Ya ari kwat, ya ari takalmi sau-ciki. Aka miƙa masa takarda mai layi uku, maganar ɗa da ubansa. Ya tsaya gaban kamara, zaure cike, mata kuma sun yi cincirindo a tagogi. Yawun bakinsa ya ƙafe. Ya ce, "Baba... Ba... Ba..." Wani ɗan iska daga baya ya yi kukan tunkiya. Zaure ya ɗauka. Sadisu ya saki takarda ya zura da gudu, har takalmi ɗaya ya cire a bakin ƙofa.

"Gobe zan mayar wa Ogana okadarsa," in ji shi yanzu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tirelar shanu za ta koma arewa jibi. Zan bi ta."

"Ka koma Gumel? Aurenmu fa? Lahadin makon gobe kawunnanka za su zo sa rana!"

"Wane uba ne zai ba ni 'ya yanzu? Tun ɗazu yara ke bina suna kukan tunkiya."

"Masoyina, don girman Allah..."

"Ai ba ki san ni ba."

Ya buga okada ya tafi. Ta tsaya nan har mai tumatir ta ce mata ta matsa, jirgi na zuwa.

Labari ya riga ta isa gida.

Mahaifinta, Malam Jumare, haifaffen Ikko ne. Ubansa sojan Turawa ne da ya zauna a Agege bai koma arewa ba. Shi kuma shekara talatin ya yi a reluwe a Ijora kafin ya ajiye aiki. Mutum ne mai tsare gida, maganarsa ba ta da yawa. Zuwaira ce 'yarsa ta fari, saboda haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa zama ya yi mata magana ido da ido ba. In yana da magana da ita, uwarta yake gaya wa, ko da kuwa ita tana zaune a wurin.

Yana kan kujerarsa a tsakar gida yana ɓare goro. Zuwaira ta yi sallama ta shige ɗaki, ta tsaya bayan labule.

"Mariama."

"Na'am, Malam."

"Ki aika wa mutanen Gumel su dakata."

Inna Mariama ta ajiye muciya. "Haba Malam! Saboda ya shiga harkar fim?"

"Ba ruwana da fim. Sana'a ce kamar kowace. Gudun nake magana. Mutumin da dariya ta kore shi, ranar da ɗaki ya kama da wuta zai tsaya ɗaukar matarsa?"

"Yaro ne..."

"Yaro ba ya neman aure."

Ya tauna goro. Zuwaira ta ɗauka ya gama. Ashe da saura.

"Na kuma ji an ce wata yarinya a bakin taga ta ce ba ta san shi ba. Ban san 'yar gidan wa ba ce. Ba dai a gidan nan aka koya mata haka ba."

Zuwaira ta saki labule. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta cusa fuska cikin cinya. Da bulala ya sa mata da ya fi mata sauƙi.

"An ce mutane sun yi yawa, Asabar mai zuwa za a ƙarasa gwajin," in ji Malam. "In ya koma ya tsaya, ko ya ci ko ya faɗi, su zo ranar Lahadi. In bai tsaya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na gama."

Inna ta shigo ɗakin ta same ta tana kuka. Ba ta lallashe ta ba.

"Share hawayenki, kuka ba ya ɗaure aure. Kin san ubanki shekara goma sha ɗaya ya yi yana wasan kwaikwayo a ƙungiyar ma'aikatan reluwe?"

Zuwaira ta ɗago. "Baba?"

"Baban naki. Kafin a haife ki. Har daga Ebute Metta ake zuwa kallonsa."

"To Inna, da zai koya masa..."

"Ke! Suruki ya zauna da mai neman 'yarsa suna musayar baki? A ina kika taɓa gani?" Inna ta rage murya. "Amma bencin nan na soro, ba wanda ya hana baƙo zama a kai bayan la'asar. Kuma katangar langa-langa ce. Ko tari aka yi a tsakar gida ana ji."

Washegari da hantsi Zuwaira ta sa mayafi ta nufi tashar okada. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Maza sun fi ashirin a ƙarƙashin rumfa. Sadisu na can ƙarshe shi kaɗai, ya juya wa kowa baya.

"Madam, ina zuwa? Oshodi? Iyana Ipaja?"

"Wurin Sadisu na zo."

"Wai Tunkiya?" Aka kwashe da dariya.

Ta wuce ta tsakiyarsu. Ta zaro wani abu daga cikin mayafi ta ajiye a kan kujerar okadarsa. Takalmin nan ne guda ɗaya. Bayan an watse jiya ta koma ta tsince shi.

"Ka mayar wa mai shi," ta ce. Sannan ta juya ga sauran. "Ni ce Zuwaira 'yar Malam Jumare. Ni zai aura. Jiya na ce ban san shi ba, ƙarya na yi. Wanda zai yi dariya ya haɗa da ni."

Ba wanda ya yi. Wani ma ya tashi ya ba ta benci.

Sadisu ya daɗe yana kallon takalmin. "Me ya sa kika zubar da mutuncinki a nan, Zuwai?"

"Jiya na zubar da shi. Yau tsinta na zo yi."

Ta gaya masa sharaɗin Malam. Ya girgiza kai.

"Ba ki gane ba. Ba zuciyata ce ta ƙi ba, jikina ne. Harshena ya zama kamar katako. In na koma, abin da ya faru shi zai sake faruwa."

"Ka zo soronmu gobe bayan la'asar. Ka zauna kawai. Kar ka yi sallama da ƙarfi."

"In yi me?"

"Ka ji. In kana sona, ka zo."

Ya zo. Ya tuɓe silifas tun daga bakin titi, ya zauna a bencin soro kamar mai jiran hukunci. Zuwaira ta zauna a bakin ƙofar da ta haɗa soro da tsakar gida, da tiren wake a cinya tana tsinta. Ta nan tana ganin su duka biyun, su ba sa ganin juna.

Malam Jumare na goge rediyonsa. Inna ta raɗa masa wani abu. Ya ci gaba da gugarsa, har Zuwaira ta fid da rai. Can sai ya yi gyaran murya.

"Mariama, kin san abin da ke kayar da mai wasa tun bai buɗe baki ba?"

"Ina zan sani, Malam?"

"Kayan aro. Kwat na shaƙe shi, takalmi na cizonsa, kuma a ce ya tuna magana? Mutum ya sa rigar da jikinsa ya sani."

"To, na ji. In zan je gwajin, da zanena zan tafi."

"Takarda kuma ba a zaune ake haddace ta ba. A faɗe ta ana tafiya. A faɗe ta ana wanka. A faɗe ta ana tuƙi a tsakiyar Oshodi. Ranar da kwandasta ya zagi uwar mutum bai ɓata layi ba, to ta zauna."

"Ikon Allah."

"Kuma kar ya haddace tasa kaɗai. Ya san maganar abokin wasansa. Wasa amsa ce, ba karatu ba. Wanda ke jiran a gama don ya zubo tasa, aku ne."

A soro Sadisu ya karkata kunne har kansa na taɓa langa-langa.

Ranar Laraba ya dawo. Zuwaira ta ga leɓɓansa na motsi tun daga nesa.

"Mariama," in ji Malam, "tsoro ba ya tafiya. Wanda ya ce miki ba ya jin tsoro a gaban jama'a, ko maƙaryaci ne ko mahaukaci. Aiki ake ba shi."

"Wane irin aiki ake ba tsoro kuma?"

"Mai tsoro jan iska yake ta yi, ba ya fitarwa. Ƙirji ya cika, murya ta rasa hanya. To ya fara fitarwa, duka, kamar mai hura wuta a murhu. Sau uku. Sannan ya danna yatsun ƙafa a ƙasa da ƙarfi. Rawar jikin ta gangara can. Ba mai kallon yatsun ƙafa."

"Abinci fa? Ko azumi ake yi?"

"Kar ya je da yunwa, kar ya je da ƙoshi. Koko da ƙosai biyu sun isa. Ya yi alwala kafin ya shiga." Ya ɗan tsaya. "Babbar kuma ita ce wannan. Kar ya kalli kamara. Kar ya kalli darakta. Kar ya kalli 'yan dariya. Ya kalli wanda yake wa magana, tsakiyar ido. Mutum ɗaya ne a ɗakin, saura bango ne."

"In maganar ta ɓace masa fa?"

"Ya yi shiru. Kar ya ba da haƙuri, kar ya sosa ƙeya. Shirun mai wasa, 'yan kallo tunani suke ɗaukarsa. Maganar za ta dawo da ƙafarta."

Sadisu ya yafito Zuwaira da hannu. Ya raɗa mata tambaya. Ita ta raɗa wa Inna. Inna ta juya ga Malam, alhali tsakaninsu duka bai fi taku biyar ba.

"Malam, wai... in an yi duk wannan, jiki kuma ya ƙi fa? Wai akwai wanda Allah bai yi shi don tsayawa gaban mutane ba?"

Malam Jumare ya ajiye rediyo. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Zuwaira ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ranar da na fara hawa dandamali," ya ce, "manyan reluwe na zaune a gaba da matansu. Aka ɗaga labule. Na ji ɗumi na bin ƙafata. Fitsari na yi a wando, Mariama. Farin wando."

"Malam! Ana ji fa!"

"Wa ke ji? Da ke nake magana." Muryarsa ta yi kauri. "Na gaba sun gani. Sun yi dariya. Wata shida ana kirana da wani suna da ba zan faɗa ba. Amma a nan na tsaya, cikin jiƙaƙƙen wando, na faɗi maganata har ƙarshe. Ba a kan dandamali ake samun jarumi ba. Wanda bai tafi ba ne kawai."

Ya tashi ya shige ɗakinsa ya saki labule. Ranar ko abincin yamma bai fito ci ba.

Zuwaira ta kasa ɗago ido daga tiren wake. Mutumin da ko hularsa ba a taɓa gani a karkace ba, yau ya tuɓe girmansa a kunnen yaron da ke neman 'yarsa. Ta san ba don Sadisu ya yi ba. Da ta waiga, Sadisu ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi.

Ranar Juma'a Inna ta kawo saƙo na ƙarshe daga Malam: wai a je a ga wurin tun babu kowa. Sadisu ya roƙi maigadin makarantar ya buɗe masa. Ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar nan, ya faɗi layinsa uku ga kujeru, sau goma.

Asabar ta zo. Zaure ya fi na makon jiya cika, don labari ya bazu cewa Tunkiya zai dawo. Zuwaira ta sami wuri a taga, ta kama ƙarfe da hannu biyu. Ta hango Sadisu a layi da tsohuwar rigarsa ta shadda da silifas. Can baya kuma, kusa da ƙofa, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Malam Jumare ne tsaye, ya dogara da laimarsa, shi da abokinsa Alhaji Mato.

Aka daɗe ba a fara ba. Darakta Bature na ta duba agogo. Dattijon da ke fitowa a matsayin uba, wanda samari ke gwada magana da shi, gosulo ya riƙe shi a Oshodi.

"Jama'a, babu wani dattijo da zai taimaka ya tsaya mana?"

"Ga tsohon hannu nan!" Alhaji Mato ya ɗaga murya. "Jumare na reluwe! Kafin a haife ka yake wasa!"

Malam ya harare shi, ya ce a'a. Jama'a suka ɗauki tafi. Darakta ya taho da kansa ya rusuna. "Baba, a rufa mana asiri." Malam ba yadda zai yi. Aka karanta masa maganar uba sau ɗaya, ya ce ya riƙe.

Samari huɗu suka wuce. Kowanne ya zo ya yi wa Malam tsawa kamar yadda takarda ta ce, ya nuna shi da yatsa, ya koma. Zuwaira ba ta ganin su. Lissafin layi take yi. Ta ga mahaifinta ma ya saci kallon layin, sannan ya kalli ƙofa. Amma bai motsa ba.

"Sadisu Gumel!"

Ya fito. Ya yi taku uku, ya ɗago kai, ya ga wanda ke tsaye a gabansa.

Abin da jikinsa ya saba shi ya yi. Ya tuɓe silifas. Ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya dunƙule hannu.

"Barka da rana, Baba..."

"Kai, saurayi!" in ji darakta. "Rigima za ku yi, ba gaisuwa ba! Tashi ka yi masa tsawa!"

"Surukinsa ne!" wani ya ƙwala daga baya.

Zaure ya fashe. Har mai riƙe da kamara sai da ya sauke ta. Kukan tunkiya ya tashi ta kusurwa biyu. Fauziyya ta dafa kafaɗar Zuwaira tana dariya har da hawaye, Zuwaira ta ture hannun.

Ta gane tarkon da ya faɗa. In ya yi tsawar, Agege za ta ce ya zagi surukinsa a bainar jama'a. In bai yi ba, ya sake faɗuwa. Ta ga idonsa ya tafi ga ƙofa. Ta ga dugadugansa sun ɗaga.

"Ya Allah," ta ce a ranta, "ka riƙe mini ƙafarsa..."

"Sadisu."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma har taga an ji. Zaure ya yi tsit. Malam Jumare ne. Tun da aka fara neman auren nan bai taɓa furta sunan ba.

"Tashi. Nan babu suruki."

Sadisu ya miƙe a hankali. Zuwaira ta ga ya hura iska, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ta ga yatsun ƙafarsa sun kama siminti. Idonsa ya hau daga rigar Malam zuwa gemu. Ya tsaya a gemu. Sannan ya ƙarasa.

Darakta ya yi wa mai kamara alama.

"Na ce ka rabu da yarinyar nan," in ji Malam, da wata murya da Zuwaira ba ta san yana da ita ba. "Ba sa'arka ba ce."

Sadisu ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Bai sosa ƙeya ba, bai kau da ido ba. Shirun ya yi tsawo, amma ba wanda ya yi dariya.

Malam ya taɓe baki. Abin da ya faɗa bayan nan babu shi a takarda.

"Ga ƙofa can a buɗe. Ai ka san hanya."

"Ba inda za ni!"

Muryar ta daki kwanon rufi ta dawo. Wata mata ta dafe ƙirji.

"Ba inda za ni, Baba! Na gudu sau ɗaya, duniya ta gani, ya isa! Kullum ni ne mai sunkuyar da kai, ni ne mai tuɓe takalmi tun daga titi! Ka auna ni, ka juya ni, ka ce ban isa ba! Kai ba a taɓa yi maka dariya ba? Kai ma ai..."

Zuwaira ta ƙanƙame ƙarfen taga. Ta ga gemun mahaifinta ya motsa.

Sadisu ya haɗiye sauran. Ya yi shiru, hawaye na zuba, idonsa cikin na tsohon. Da ya sake magana, layin takarda ne ya dawo masa, ya faɗe shi da yatsa a miƙe har yana kusa da taɓa gemun Malam.

"Na yi maka biyayya iyakar rayuwata. Amma ba za ka raba ni da ita ba. Yau kam a'a!"

"Kat!" in ji darakta.

Tafi ya ɓarke, 'yan okada na buga benci. Sadisu bai ji ba. Yatsansa yake kallo, kamar ba nasa ba. Sai ya zube ƙasa ya kifa goshi a siminti.

"Baba, ka yafe mini... Baba, don Allah..."

Malam Jumare bai kalle shi ba. Ya ɗauki laimarsa, ya gyara hula, ya ratsa jama'a ya fita. Darakta ya bi shi yana roƙon ya karɓi matsayin uban a fim ɗin. Ya ce, "Na yi nawa," ya wuce.

Ba Sadisu aka ba jarumin fim ba. Wani dogo fari daga Idi-Araba aka ba, wai fuskarsa ta fi cika kamara. Sadisu aka ce zai fito abokin jarumi, fitowa huɗu. Zuwaira ba ta damu da wannan ba. Gida ta nufa. An ce ya tsaya, ya tsaya. Amma ba a ce ya nuna uban mutum da yatsa a gaban Agege ba.

Malam ya yi azahar. Ya ci tuwo. Ya kwanta. Ya tashi ya yi la'asar. Bai ce uffan ba. Zuwaira na bayan labule, ta ciji mayafi har ya jiƙe. Inna ta wanke tukunya ɗaya sau uku.

Sai da inuwa ta kai bakin rijiya sannan ya yi gyaran murya.

"Mariama."

"Na'am, Malam!"

"Akwai tabarmar kirki a gidan nan? Gobe muna da baƙi."

Inna ta saki tukunya ta rangaɗa guɗa. Zuwaira ta zame jikin bango, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace.

"Yatsan nan kuwa," in ji Malam, "ki ce ya bar shi a makaranta."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Tun daga ranar gwajin Sadisu bai sake yarda sun haɗa hanya da surukinsa ba. In ya hango laima daga nesa, sai ya karya kan okada ya shiga lungu, ko da fasinja a baya. Tsoho kuwa ya koma yadda yake, bai sake kiran sunan ba.

Kwana takwas da tarewa, Sadisu ya dawo cin abincin rana a ɗakinsu na haya. Zuwaira ta zuba masa shinkafa da wake. Ya ɗebo loma ya riƙe, bai kai baki ba.

"Zuwai..."

"Na'am, masoyina."

"Don Allah me na ce wa Baba ranar nan? Wallahi daga 'ba inda za ni' ban san abin da ya fito daga bakina ba. Duk wanda na tambaya sai ya yi dariya ya ce in tambayi matata."

Ta zuba masa ido. "Ni kake so in maimaita?"

"Ko rabi ne."

"Ubana ne fa, Yaya Sadisu!"

"To ya yi muni sosai?"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta share da bayan hannu, ta tura masa kwanon gabansa.

"Ci abincinka. Ko me ka ce, ga ni nan a ɗakinka."